Tunda da C aka rubuta Linux, me ya hana a harhaɗa kawai?

Yarona, ka ce tunda da harshen C aka rubuta Linux, kuma an samu kampailar (manhajar da ke mayar da rubutun C harshen inji) da ta san sabon furosesa, me zai hana a harhaɗa shi a kunna a wuce wurin. Tambayar tana kan hanya. Mafi yawan kenel ɗin, wato zuciyar Linux mai sarrafa injin, haka yake tafiya kuwa: tsarin fayiloli da na sadarwa ba ruwansu da irin furosesan da ke ƙarƙashinsu. Sai dai akwai abubuwan da C ba ta da bakin faɗinsu, su ne aka tara a babban fayil mai suna arch, kowane furosesa da ɗakinsa. A wannan ɗakin za ka sha rana.

Mu ɗauki tsarin furosesa na RISC-V, tunda shi ne a gabanmu. A Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley aka fara shi a 2010, amma bai shiga Linux na asali ba sai a sigar 4.15, farkon 2018. Kafin nan kayan harhaɗawa na binutils da kampailar GCC suka karɓe shi a 2017, glibc kuma, laburaren C da manhajoji ke dogara da shi, ta biyo baya a Fabrairun 2018. Ka lura da jerin. Kayan aiki ne gaba, domin idan kampaila tana fitar da umarni a karkace, za ka yi ta tonon kenel alhali ba can cutar take ba.

Aikin farko ƙarami ne har ka raina shi: ka sa harafi ɗaya ya fito a allo. Kada ka fara da inji na gaske, ka fara da QEMU, manhajar da ke kwaikwayon inji, inda GDB, kayan farautar kurakurai, zai ba ka damar tsayar da injin ka leƙa cikin kowace rajista, wato ƙananan ma'ajiyoyin cikin furosesa. A injin kwaikwayonsa mai suna virt, memori yana farawa daga 0x80000000, OpenSBI, manhajar da ke tashi kafin kenel, yana zaune a wurin, sai ya miƙa wa kenel ragama a 0x80200000, da lambar ƙwaƙwalwar furosesa (core) da ta tashi a rajistar a0, da adireshin bayanin kayan injin a a1. A lokacin ba ka da komai. Ko wurin da C za ta jibge kayanta na wucin gadi babu, sai ka shirya shi da hannu cikin head.S, fayil ɗin da kenel ke farawa daga shi, da harshen injin. Ka jefa harafi a tashar siriyal da ke 0x10000000. In ya fito, ka samu ido. In bai fito ba, duk abin da ka gina a kai lalube ne cikin duhu.

Inda ake raba yaro da gwani shi ne kunna MMU, wato sashen da ke fassara adireshin da manhaja take gani, adireshin gaibu, zuwa ainihin gurbinsa a memori. Kafin ka kunna shi, furosesa yana karanta umarninka daga adireshi na zahiri. Da zarar ka rubuta a rajistar satp, mai kunna MMU, ma'anar kowane adireshi ta sauya, har da na umarnin da zai karanta a gaba. Kamar a sauya lambobin gidajen unguwa ne ɗan aike yana tsakiyar hanya. Wasu sukan shimfiɗa teburin shafuka (jadawalin da MMU ke dubawa wajen fassara) na wucin gadi wanda adireshin gaibu da na zahiri suke daidai, su tsallaka ta kansa. Masu Linux na RISC-V dabara suka yi, kuma tana burge ni: sai su sa adireshin gaibu na umarni na gaba a rajistar stvec, wadda ke nuna inda furosesa zai ruga idan ya ci karo da matsala. Suna kunna MMU, karatun umarni na gaba ya faskara, furosesa ya ruga neman ceto, sai ya dira daidai inda ake son ya ci gaba. Ka buɗe head.S ka karanta wurin a hankali, layuka kaɗan ne. Kuma kada ka manta da sfence.vma bayan taɓa teburin, in ba haka ba furosesa zai iya ci gaba da aiki da tsohuwar fassarar da ya haddace.

Bayan nan sai katsewa da agogo, sai sauya aiki daga wata manhaja zuwa wata, inda za ka adana rajistocin ra da sp da s0 zuwa s11. Wannan haƙuri kawai yake so.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba ya nuna kansa da wuri. Furosesan Intel da AMD suna da tsauri wajen jeranta rubutu a memori, RISC-V da ARM kuwa suna da sassauci: ƙwaƙwalwa ta biyu tana iya ganin rubutunka na biyu kafin na farko, sai fa in ka sa shinge da umarnin fence. Ka bar shinge ɗaya, injin zai tashi lafiya, ya yi kwanaki yana aiki, rana ɗaya ya daskare ba dalili. QEMU a kan kwamfutar Intel sau da yawa ba ya tona irin wannan, don haka kada nasararka a can ta ruɗe ka. Inji na gaske mai ƙwaƙwalwa da yawa, a ɗora masa kaya mai nauyi, shi ke fasa ƙwai.

Sai yarjejeniya tsakanin kenel da manhajoji: a RISC-V, idan manhaja za ta kira kenel, lambar kiran tana shiga rajistar a7, a buga umarnin ecall. Komai na cikin kenel kana iya warware shi gobe, amma wannan da zarar mutane sun harhaɗa manhajojinsu a kai, ya zauna ke nan. Shi ya sa glibc ba ta karɓi RISC-V mai bit 32 ba sai a 2021, da lissafin lokaci mai bit 64, don kada ya gaji matsalar 2038, shekarar da lissafin lokaci mai bit 32 zai cika ya birkice.

Ko an karɓi aikinka, riƙonsa yana wuyanka. A sigar 4.17 an share furosesa iri 8 a lokaci guda saboda sun rasa masu amfani da su, Itanium na Intel ma an fitar da shi a 6.7. Debian kuwa, ɗaya daga manyan masu rarraba Linux, sai a 2025 ta fitar da siga mai ɗauke da riscv64, wato RISC-V mai bit 64, a hukumance, shekara 7 bayan shigarsa kenel, domin dubban manhajojin da ke sama kowace sai an harhaɗa ta an gwada.