Ajiye injin, wannan ɓawon ba datti ba ne

Ɗana, na ga saƙonka da hoton dutsen. Ka ce ka samu murjanin nan mai kama da saƙar zuma, Favosites, dabbar teku ta zamanin da da ta zama dutse, amma wani ɓawo mai hawa-hawa ya lulluɓe rabinsa, shi ne kake tambaya ko ka sa inji ka kankare shi don saƙar ta fito fes. Ajiye injin nan tukuna. Da a gabana ka yi wannan tambayar, da na karɓe makullin ɗakin aiki daga hannunka na mako guda.

Abin da kake kira datti soso ne, dabba ce da ta rayu ta mutu kamar murjanin. Masana suna ce masa sitiromatoforoid, mu a wajen aiki soso mai hawa-hawa kawai muke cewa. Jiƙa bayansa da ruwa, ka ɗauki madubin hannu mai ƙara girman abu ka duba. Za ka ga 'yan ƙuraje, a kan kowanne akwai jijiyoyi da suka bazu kamar tauraro. Hanyoyin fitar ruwa ke nan. An daɗe ana gardama a kan ko wace irin halitta ce, sai a 1970 wasu masana biyu, Hartman da Goreau, suka bayyana wasu sosuna masu ƙashin dutse da ke raye a tekun Jamaika, masu irin wannan tauraron, daga nan gardamar ta fara kwantawa. Dutsenka kuma daga tsibirin Gotland na Suwidin yake, zamanin Siluriyan, shekaru wajen miliyan 425 da suka wuce, lokacin da wurin yake ruwa mai ɗumi marar zurfi kusa da layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu. A tuddan da halittu suka gina a ƙasan tekun wancan zamani sau da yawa soson nan ne babban magini, murjani yana raɓe da shi. Kai kuma kana so ka kore mai gida ka bar baƙo.

Yadda ake yanka, da yadda ake goge fuska har ta yi sheƙi, da yadda ake manna yanki a gilashi a sirance shi har haske ya ratsa, ba zan ɓata bakina a kansu ba. Wanda ya shekara biyu yana riƙe mini zarto bai iya wannan ba, to ba zai taɓa iyawa ba. Abin da nake so ya shiga kanka shi ne darajar dutse irin naka tana wajen da halittun biyu suka haɗu. Favosites tsirara ana samunsa tuli. Amma wanda zai nuna maka wa ya hau kan wa, kuma da rai ko bayan mutuwa, shi ake nema. Idan ka yanka ta tsakiyar mahaɗar, ka ga soson ya kwanta a kan laka da ta riga ta cika ramukan murjanin, to gawa ya tarar ya mayar da ita tushe. Idan kuwa ka ga bakin murjanin ya ɗaga ya karkace yana gudun soson, faɗa aka yi, kowa da ransa. Wani lokaci ma za ka ga siraran bututu sun ratsa soson daga ƙasa zuwa sama, hawa-hawan suna lanƙwasawa a jikinsu. Wannan murjani ne, Syringopora, a cikin soson yake zaune, suna girma tare, soson na ƙara hawa shi ma yana ƙara tsawo don kada a rufe masa baki.

Dillalai ma sun san wannan darajar, kuma a nan aka cuce ni.

Shekaru da yawa ke nan. Wani dillali ya kawo mini dutse da sai mutum biyu sun kama. Ban taɓa ganin irinsa ba. A ƙasa murjanin sarƙa ne, Halysites, a kansa soso mai hawa-hawa da Syringopora a ciki, a can sama kuma murjani mai ƙaho guda uku a tsaye, duk suna fuskantar gefe guda kamar igiyar ruwa ce ta karkatar da su. Ya ce haka aka ɓamɓaro shi daga jikin tudu, wata cibiyar ilimi za ta saya don koyar da ɗalibai yadda halittu ke gadon juna a tudun ruwa. Ya ce na gyara fuskar, na rubuta takardar bayani da sa hannuna, biya sai an sayar. Na amince, don dutsen ya tafi da imanina. Wata huɗu na yi a kansa da allura, na mayar da aikin mutane uku da suka daɗe suna hulɗa da ni, biyu ba su sake dawowa ba har yau. Na roƙe shi ya bar ni na yanki ɗan gefe na duba ciki, ya ce a'a, mai saye ba ya son a taɓa. A nan ya kamata na ce ya ɗauki kayansa.

Bayan shekara guda wata malama a cibiyar ta yanki gefen da aka hana ni. Ta aiko mini da gilashin da wasiƙa gajeriya, cikin ladabi, ladabin ma ya fi zagi ciwo. Na sa a ƙarƙashin madubi. Ka san 'yan ƙananan ƙwarya masu marfi biyu da irin waɗannan duwatsu ke cike da su. Idan dabbar ciki ta mutu, laka takan shiga ta kwanta a ƙasan ƙwaryar, saman ya zauna fanko, daga baya farin kiristal ya cike shi. Layin da ke tsakanin laka da kiristal shi ne ma'aunin kwanciyar ƙasan teku a ranar, ba ya ƙarya. A dutse guda duk layukan gefe ɗaya suke kwantawa, ko da guguwa ta kifar da murjanin, domin lakar bayan faɗuwa take shiga. A nawa, na ɓangaren ƙasa suna kwance, na jikin soson suna tsaye, ɗaya kusa da ƙahonin kuwa lakarsa tana sama kiristal yana ƙasa. Duwatsu uku ne daban. An niƙa garin dutsen an kwaɓa da gam an haɗe su, an bi layin da asid don ya yi kama da cin ruwa. Da na juya hasken madubin, dutsen yana walƙiya, layin gam ya yi baƙi ƙirin. Na ɗumama allura na taɓa ragowar ɓarɓashin da na ajiye, warin roba ya tashi.

Dillalin ya karɓi kuɗinsa ya ɓace, ko sisi ban gani ba. Kuɗin ba su dame ni kamar takardar ba. Hannuna ne a kanta, ni da ake kawo wa dutse daga nesa don a ji ta bakina, kuma an koyar da yara ƙarya da ita shekara guda. Shekara biyar na yi kafin mutanen cibiyar su sake aiko mini da aiki.

Shi ya sa nake tsananta muku a kan kibiya. Duk dutsen da ka ɗauko da hannunka, kafin guduma ta taɓa shi, zana kibiyar da ke nuna sama. Wanda aka kawo maka kuma, nemi ƙwarya uku a wurare uku ka ga ko bakinsu ya zo ɗaya. Ku yaran yanzu ba ku da wannan haƙurin. Burinku abu ya yi ƙyalli ku ɗauki hoto ku watsa a waya, a yaba muku kafin magariba. Na ga wani sa'anka ya goge gefen soso sumul don wai ya yi kaca-kaca, alhali wannan kaca-kacan shi ne labarin: kowane haƙori laka ce ta taso ta binne gefen, soson ya ja da baya, ruwa ya washe ya sake bazuwa a kanta. Da za ka ƙirga su, da ka san sau nawa aka binne shi ya tashi. Irin wannan ƙirgar ce wani masani, John Wells, ya yi a 1963 a kan siraran layukan jikin murjani mai ƙaho na zamanin Diboniyan, wanda ya biyo bayan Siluriyan, kowane layi kwana guda, ya samu kwanaki wajen 400 a shekarar wancan zamani. Da an goge masa su tun a ɗakin aiki, me zai ƙirga?

Kuma ka tuna ba a ƙara yin irinsu. Waɗannan tuddai sun kai ƙarshen girmansu a Diboniyan, ragowarsu na nan tsaye a yankin Kimberley na Ostireliya, wasu kuma suna binne a Albata ta Kanada, inda aka haƙo mai daga cikinsu a Leduc a 1947. Wajen shekaru miliyan 372 da suka wuce suka rushe, a lokacin da iskar shaƙa ta yi ƙaranci a tekuna. Murjanin saƙar zuma da mai ƙaho sun lallaɓa har ƙarshen zamanin Famiyan, shekaru miliyan 252 da suka wuce, suka ƙare ƙurmus. Murjanin da ke teku yau wani dangi ne daban da ya zo daga baya.

Dutsenka ka wanke shi da ruwa da burushi mai laushi, kada asid ya kusance shi. Ka bar shi ya bushe, ka nemo mini ƙwaryar nan uku ka zagaye su da fensir. Ranar da zan shigo ni zan nuna inda zarto zai bi, kuma ni zan riƙe shi.