Tambaya da Amsa: Siminti ya kumbura, bulo ya lotsa

Tambaya: Malam, ina koyon ƙera siffofi a Blender, manhajar zanen 3D. Na ɗauki hoton bangon jan bulo, na mayar da shi baƙi da fari, na jona shi a mahaɗin Bump, mai sa jikin siffa ya yi kamar yana da tudu da kwari, don bangon ya yi kaushi. Sai ga simintin da ke tsakanin bulo ya kumburo waje, bulon kuma ya lotsa ciki. Ina na kuskure?

Amsa: Ɗan'uwa, kwamfutar ba ta da laifi, abin da ka ba ta ta karanta. Mahaɗin Bump yana karanta hoton ne a matsayin taswira ta tudu da kwari, inda fari tudu ne, baƙi rami, ruwan toka kuma tsaka-tsaki. Simintinka ya fi bulo haske a hoto, shi ya sa ya hau sama. Launi daban, tsayi daban. Ni ma na taɓa yin haka da fuskar wani tsoho da nake ƙerawa, ɗan baƙin tabon kumatunsa ya koma rami kamar an soka ƙusa.

Mafita ita ce ka zana taswirar da hannunka. Buɗe manhajar zane ta Krita ko GIMP, ka cika shafin da ruwan toka mai lamba 128, tsakiyar 0 (baƙi) da 255 (fari) ke nan. Layukan siminti ka duhunta su, bulo ka ɗan haskaka shi, da burushi mai laushi, kaɗan-kaɗan. Sannan ka ɗan dusashe gefuna. Nan ne masu koyo ke yawan faɗuwa, domin gangara haske ke bi. In ka yi tsalle daga baƙi zuwa fari kai tsaye, siririn layi kawai za ka gani, ba tudu ba.

Ka kuma sani dabarar nan ta Bump, wadda masanin zanen kwamfuta James Blinn ya fito da ita a 1978, yaudarar ido ce. Jikin siffar ba ya motsawa ko kaɗan. Juya bangon ka dubi gefensa, sumul yake. In kana son bulo ya fito da gaske, sai mahaɗin Displacement mai motsa jikin siffar, shi kuwa yana cin ƙarfin kwamfuta.

Sauran ƙanana ne. Ka sa hoton a Non-Color, don Blender ya karanta shi a matsayin tsayi, ba launi ba. Ka guji JPEG, dattin matsewarsa yana fitowa kamar ƙuraje. Adana a PNG mai bit 16, matakan toka 65,536 maimakon 256. Wajen gwaji ka kawo fitila ta gefe, ƙasa-ƙasa, sannan ka rage Strength, wato ƙarfin Bump, har sai bangon ya daina kama da soso.