Ku Tambayi Inna Ungozoma: Masassara ɗaya, ɗan ƙauye da ɗan birni

Wasiƙun wannan wata duk daga jiharmu ta Kebbi suka fito. Kamar kullum, na cire sunayen masu su.

Assalamu alaikum Inna. Ni manomin shinkafa ne a wani ƙauye na ƙasar Bagudo. Da daminar bara masassara ta kama ɗana mai shekara biyu, kwana huɗu Allah Ya karɓi abinsa muna kan hanyar asibiti. Cikin satin nan ɗin ta kama ɗan wana da ke aikin gwamnati a Birnin Kebbi, shi kuwa kwana uku ya miƙe yana wasa. Na yarda da ƙaddara, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Wannan tunanin da nake yi saɓo ne?

Wa'alaikumus salam ɗana. Allah Ya sa mai ceto ne, Ya sanyaya maka zuciya kai da uwarsa.

Ni ba malama ba ce, aikin unguwarzoma na yi har na yi ritaya. Amma duk wanda ya zauna gaban malamai ya ji labarin Sayyidina Umar lokacin da ya nufi ƙasar Sham, aka tare shi da labarin annoba ta ɓarke can, ya juya da jama'arsa. Da aka ce masa gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya ce daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Saboda haka neman sanin sanadi bai taɓa imaninka ba. Ajali na Allah ne. Sanadi kuwa, mu da muka yi aikin asibiti mun san shi, kuma nauyi ne a kanmu mu faɗa.

Ba ka ba ni labarin kwana huɗun nan ba, amma na ga irinsu har na gaji da gani. Ranar farko jiki ya yi zafi, a aika kemis a sayo maganin zafin jiki, in da hali a ƙara da rabin maganin masassara, don kuɗin cikakke bai samu ba. Rana ta biyu zafin ya ɗan sauka, kowa ya ce an samu sauƙi. Rana ta uku yaro ya ƙi nono, ya ƙi kunu, ya yi laushi. Nan ne ake fara neman kuɗi, a tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa, shinkafa ba ta nuna ba, akuyar da za a sayar sai an jira ranar kasuwa. A duk wannan lokaci ƙwayar cutar tana cikin jini tana farfasa shi. In ka buɗe tafin hannun yaron ko ƙasan idonsa, za ka gan shi fari fat. Ranar da kuɗi suka haɗu, ruwa ya cinye hanya, ɗan kabu-kabu ya ninka kuɗinsa. A isa asibitin sha-ka-tafi, su ce ƙarin jini yake bukata kuma ba su da shi, sai babban asibiti. Yara da yawa tsakanin waɗannan asibitoci biyu suke cikawa.

Ɗan wanka fa? Kwalta har ƙofar gida, albashi ƙarshen wata, wataƙila da katin inshora a aljihu. Da safe aka ga zafi, kafin azahar an ɗiga jini a abin gwaji, an fara magani. Sauron da ya ciji ɗanka bai fi wanda ya ciji nasa dafi ba.

Kuma ba gidanku kaɗai ba ne. Babban binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Kebbi, 252 ba sa kai shekara biyar. A lokacin babu jihar da ta kai mu. A Ogun, 30 ne. Da aka gwada jinin ƙananan yara, kashi 52 cikin 100 na yaran Kebbi suna ɗauke da ƙwayar masassara, a Legas kuwa kashi 2. Binciken 2021 ya same mu a kashi 49, har lokacin mu ne kan gaba. Fadamun da ke ciyar da Najeriya shinkafa, daga Argungu zuwa Suru har Yawuri, su ne kuma makwancin sauro. Manomin da ke noma wa ƙasa abinci shi ya fi kowa binne 'ya'ya. Wannan abu yana ci mini rai, kuma ban yarda a rufe shi da cewa haka Allah Ya so ba, alhali akwai masu riƙe da amanar gyara hanya da ajiye jini da ma'aikata a asibiti.

Ga abin da ke hannunka saboda sauran yaran gida. Da damina ma'aikata suna bi gida-gida wata-wata da maganin kariya na yara daga wata uku zuwa shekara biyar. Kwana uku ake sha. Su ke ba da na ranar farko, na sauran kwana biyun suna barin shi hannun uwa, kuma nan ne ake yawan sakaci. Ka tsaya da kanka ka ga an ba su. Tun Disamban 2024 kuma aka fara allurar rigakafin masassara a Najeriya, Kebbi da Bayelsa aka fara da su. Kyauta ce, sau huɗu ake yi: wata biyar, wata shida, wata bakwai, sai wata goma sha biyar. Ba ta ɗauke bukatar gidan sauro ba. In jiki ya yi zafi, a yi gwaji a ranar, a sha magani cikakke ko da yaro ya warware. In ka ga jijjiga, ko amai ba tsayawa, ko ƙin tsotso, ko barcin da ba a iya tashe shi, ko farin tafin hannu, kada ka jira gari ya waye. Ka kuma tafi da namiji lafiyayye wanda zai iya ba da jini, don sau da yawa jinin ne ke tsayar da komai.

Inna, ina da ciki wata bakwai, na fari. Maigidana yakan tafi ci-rani. Uwar mijina ta ce su duk a ɗaki suka haihu lafiya, zuwa asibiti raki ne. Ƙauyenmu sai an shiga kwalekwale kafin a kai bakin hanya. Ina jin tsoro, kuma ba na son in saɓa mata.

Ɗiyata, tsoronki hankali ne. Ita ma surukarki gaskiyar abin da ta gani take faɗa, ta haihu a ɗaki ta tashi. Sai dai waɗanda suka haihu a ɗaki ba su tashi ba, ba su nan balle su ba da nasu labari. Ki tambaye ta cikin ladabi, cikin sa'o'inta da aka yi wa aure tare, nawa ne suka tafi wurin haihuwa. Za ta lissafa miki su da sunayensu.

A binciken 2018 ɗin nan, cikin haihuwa 100 a Kebbi, 3 kacal ƙwararren ma'aikacin lafiya ya karɓa. A Imo, 98. Ba zan ɗora wa surukai da mazaje laifin duka ba. Mace ta biya kuɗin jirgi ta je awo ta tarar da ƙofa a kulle, ko ta je da naƙuda cikin dare ba kowa sai maigadi, ko ta samu ma'aikaciya ta daka mata tsawa gaban mutane don zanenta ya tsufa, alhali matar mai kuɗi tana shigowa aka tashi aka ba ta kujera. Wadda aka yi wa haka ba ta komawa, kuma za ta hana ƙanwarta. 'Yan'uwana ma'aikata masu karanta wannan shafi, wulaƙanci yana kashe mata kamar yadda rashin magani ke kashe su.

Duk da haka ki je, don abubuwan da ke kashe mai haihuwa ba su da magani a ɗaki. Zubar jini bayan haihuwa tana iya gamawa da mace cikin awa biyu, alhali allurar da ke tsayar da ita ba ta da tsada. Jijjigar masu ciki tana yin sallama tun da wuri: hawan jini, ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da hannu, gani dishi-dishi. Awo ne ke kama ta, kuma ta fi son cikin fari irin naki. Doguwar naƙuda, wadda rana ta fito ta faɗi ana abu ɗaya, ita ce ke kashe jariri ta bar uwa da yoyon fitsari. Cibiyar Gesse da ke Birnin Kebbi tana gyara wannan lalura, amma ki je ki ga matan da ke kwance can, kusan dukkansu daga ƙauyuka masu nisa suke, 'yan mata ƙanana da yawa, wasu an sake su.

Kafin maigida ya tafi, ku zauna ku uku da uwarsa, ya faɗa da bakinsa a gabanta cewa ya ba ki izinin zuwa asibiti ko yana nan ko ba ya nan, dare ko rana. Na ga matan da suka kwana suna zubar da jini ana jiran izinin mutumin da ke Legas waya ba ta shiga. Ya bar kuɗin jirgi da na mota a hannunki, ya yi magana da mai kwalekwale tun yanzu. In kina da dangi a garin da ke da asibiti, ki koma wurinsu da shigar wata tara. Cikin fari ne, al'adarmu ma ta san goyon ciki a gidan iyaye, ba wanda zai ce kin yi baƙon abu. Ki roƙi surukarki ta raka ki awo ko sau ɗaya, ki ce hankalinki ya fi kwanciya in tana kusa. Tsofaffi da yawa sun sauko ta wannan hanya. A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa hali, a asibitocin da aka zaɓa. Ranar awo ki tambayi wanne ne mafi kusa da ku.

Inna, ƙanena ya yi hatsarin babur, muka kai shi wani asibiti jini na zuba, aka ce ba za a taɓa shi ba sai mun ajiye kuɗi. Haka doka ta ce?

A'a, ɗana. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, har da tara ko ɗauri ga wanda ya ƙi. Akwai kuma dokar 2017 da ta wajabta duba wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Kuɗi za a biya, amma bayan an tsayar da jini. In ta sake faruwa, kada ku tsaya cacar baki da mai karɓar kuɗi, ku nemi likita ko babbar nas da ke bakin aiki. Daga baya ku rubuta ƙorafi da rana da lokaci ku kai wa shugaban asibitin. Allah Ya ba ƙanenka lafiya.

Hajiya Inna, ni mai sayar da kifi ce a Yawuri. Ana ta maganar inshorar lafiya a rediyo. Ta ma'aikatan gwamnati ce kawai, ko mu ma muna ciki?

Kuna ciki, 'yar'uwa, a takarda dai. Inshora kamar adashi take, kowa ya zuba kaɗan, sai dai ita wanda ciwo ya kama shi ke kwasa. Da can kusan ma'aikatan tarayya kaɗai suka ci moriyarta. A 2022 aka yi sabuwar doka da ta wajabta ta ga kowane ɗan ƙasa, ta kuma tanadi asusu na marasa ƙarfi. A jiharmu hukumar KECHEMA ke kula da ita, kuma mai sana'a irinki tana iya yin rajista ta riƙa biyan na shekara.

Akwai kuma hanya ta biyu wadda ba a biya. Dokar 2014 ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don lafiya a matakin farko, ko da yake sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Kusan rabinsu na biya wa talakawa magani ne, musamman masu ciki da ƙananan yara da tsofaffi da masu naƙasa, ta asibiti ɗaya a kowace mazaɓa. Guraben ba su da yawa, shi ya sa nake jin ciwo in na ji sunan ɗan'uwan wani babba ya shiga, gwauruwa mai marayu biyar ba ta ma san ana rubutawa ba. Har yau fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun majinyaci suke fita. A Abuja shugabannin Afirka suka zauna a 2001 suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 na kasafi, gwamnatin tarayya kuwa ba ta taɓa cika shi ba.

Ki je asibitin mazaɓarku ki tambayi mai kula da shi ko yana cikin masu karɓar wannan kuɗi, da kuma yaushe ake rajista. Ki tafi da lambarki ta NIN, don yawanci ana nema. Kowace mazaɓa tana da kwamitin ci-gaba da ke sa ido a kan asibitin, kuma ana son mata a ciki. Ku masu kifi kuna da ƙungiya, kuna da shugaba. Ku tura mutum biyu zaman kwamitin, su tambayi mutum nawa aka rubuta a mazaɓar da yadda aka zaɓe su. Abin da aka amsa muku ki rubuto mini, zan buga shi a wannan shafi.