Bindiga ɗaya don zaman daji da halin ko-ta-kwana: wacce zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan ƙasar Saudiyya ne, haifaffen Makka, ina aiki a Ɗa'ifa. Mahaifinmu ya bar mana garken awaki da 'yan raƙuma a gabas da gari, ta wajen Turaba, kuma kusan kowane ƙarshen mako ina can, wani lokaci ni kaɗai. Ina yawan kallon bidiyon Amurkawa masu shirin ko-ta-kwana, kowannensu yana cewa mutum ya mallaki bindiga ɗaya da za ta yi masa komai: farauta, kare dabbobi, da tsira idan ya maƙale a daji. Wasu sun ce mai harsashi lamba .308, wasu sun ce .223 mai ɗana kanta, abokina kuma ya dage cewa shawzan, wato mai watsa ƙwayoyin dalma, ta fi. Kuɗina na guda ɗaya ne. Wacce zan saya? Abu Yasir, Ɗa'ifa.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sanya albarka a abin da ya bari.

Abu Yasir, a cikin ukun da ka lissafa babu wadda zan ce ka saya. Idan guda ɗaya ce, ka nemi ƙarama: kharraza, wato .22 LR, mai sakata wadda ake ɗanawa da hannu. Idan kuma sharuɗɗan farautar bana ba su ba ka damar fita da ita ba, to saktun, wato bindigar iska, mai sifirin, mai bakin milimita 5.5. Na san wannan amsa ba za ta burge abokinka ba, don haka bari in faɗa maka dalilina.

Masu bidiyon da kake kallo ba ƙarya suke yi ba, ƙasarsu suke bayani. Tunanin bindiga ɗaya mai yin komai ya yi ƙarfi a wurinsu tun shekarun 1980, lokacin da wani tsohon hafsan soja mai suna Jeff Cooper ya zayyana yadda yake son ta kasance: mai sakata, harsashi .308, tsawo kada ya wuce mita ɗaya, nauyi wajen kilo uku. Mutumin yana tunanin dazuzzuka ne masu manyan namun daji, inda doka ta yarda ka kayar da dabbar da ta kai kilo ɗari ko fiye. Yanzu ka tsaya a bakin garkenku ka duba gabas da yamma. Wace dabba ce doka ta yarda ka harba da .308? Barewa tana ƙarƙashin kariya. Kyarkeci haka, tararsa riyal 80,000. Damisar Larabawa 400,000. Ko damon nan da ake gani a bakin rami, riyal 3,000 ne kowane ɗaya. Abin da Cibiyar Kula da Namun Daji ta Ƙasa take buɗewa a kakar farauta, wadda a 'yan shekarun nan take farawa 1 ga Satumba ta ƙare 31 ga Janairu, tsuntsaye ne, irin su kurciya da salwa, su ma da ƙayyadadden adadi. Ka harbi kurciya da .308, gashi kawai za ka tsinta.

Shawzan kuwa, ka gaya wa abokinka ya yi hattara. Farauta da ita haramtacciya ce a ƙasar nan, tararta riyal 100,000, kuma jami'an tsaron muhalli ba sa ɗaga ƙafa a kanta. An hana ta ne saboda harbi ɗaya yana watsa ƙwayoyin dalma masu yawa, ya kashe tsuntsu biyu ya raunata biyar su je su mutu a wani wuri. A wata ƙasar da ita zan fara ba ka shawara, a nan kuwa ba ta cikin lissafi.

Tunda maganar doka ta shigo, bari in gama da ita. Dokar makamai da harsasai ta 2005 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa wata 18, ko tarar da za ta iya kaiwa riyal 6,000, ko duka biyun, ga wanda aka samu da bindiga ko harsashi ba lasisi. Lasisin bindiga daga Ma'aikatar Cikin Gida yake, ana bin sa ta manhajar Absher. Izinin farauta kuma daban ne, ta manhajar Fitri ake nemansa, kuma a can za ka ga jerin tsuntsayen da aka buɗe da irin makamin da aka amince da shi a wannan kakar. Ka karanta shi kafin ka fitar da ko riyal ɗaya, domin an yi kakannin da bindigar iska kaɗai aka yarda a yi farauta da ita. Ka saya a wurin dillali mai izini, ko a baje kolin shaho da farauta da ake yi duk shekara a Malham, arewa da Riyad. Kada ka karɓi ta hannu, ko da ɗan'uwanka ne ya ce ta gado ce, sai an mayar da ita sunanka. Ka kuma tuna kai ɗan Makka ne: ba a shiga da makami cikin iyakar Harami, farauta a cikinsa kuma ka fi ni sanin hukuncinta. Ga 'yan'uwanmu baƙi masu iƙama, wato takardar izinin zama, da ke karanta wannan, ƙofar sayen bindiga a baje kolin ta 'yan ƙasa ce, kuma ajiye ta wani a ɗakinka jawo wa kai da iyali masifa ne.

To me ya sa kharraza? Harsashin .22 LR ya fito tun 1887, kuma har yau babu wanda ya kai shi arha da sauƙin ɗauka. Guda 500 ba su kai kilo biyu ba. Guda 500 na .308 sun kai kilo 12, nauyin lita 12 na ruwa ke nan, kuma a hanyar Turaba a watan Yuli na san wanda zan zaɓa in ɗora a mota. Ba ta dukan kafaɗa, ƙararta ba ta firgita garke, kuma saboda arhar harsashin za ka iya yin atisaye da yawa ba tare da ka ji a aljihu ba. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi muhimmanci a wurina. Mutumin da ya harba ƙaramar bindigarsa sau dubu a filin koyon harbi ya fi wanda ya sayi babba ya harba ta sau ashirin, ta ba shi tsoro, ya fara runtse ido kafin ya ja kunama.

Ka san iyakarta. Idan ka daidaita saitinta a mita 50, a mita 100 harsashin zai sauka ƙasa da kusan taƙi guda, iska mai ƙarfi kuma tana kautar da shi gefe. Aikinta mai kyau daga mita 60 zuwa ƙasa ne. Amma kada ƙanƙantarta ta ruɗe ka: harsashin yana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi, kuma ya yi ƙaurin suna wajen tsalle idan ya daki dutse. Yankinku cike yake da baƙaƙen duwatsun aman wuta da ake kira harra. Kafin kowane harbi ka tambayi kanka, idan na kuskure, ina zai je ya tsaya? Bayan tudun nan da kake gani fayau akwai yiwuwar makiyayi yana zaune a inuwar motarsa. Shi ya sa ba a harbin tsuntsun da ke kan reshe da ita idan bayansa sararin sama ne.

Dalilin da na ce mai sakata, ƙura ce. Masu ɗana kansu, irin Ruger 10/22 da ake ƙerawa tun 1964, bindigogi ne masu kyau, amma ƙarfin harsashin ne yake tura ƙarfen ciki baya, kuma ƙarfin .22 kaɗan ne. Da zarar ƙurar nan mai laushi ta haɗu da mai da hayaƙin albarushi, sai su zama kwaɓi, ta fara cijewa, ƙwanso ya maƙale a ƙofa. Mai sakata hannunka ne injinta. Ka ɗaga, ka ja, ka tura, ka rufe. Idan ta yi datti, sai ka zare sakatar gaba ɗaya, ka goge ta da tsumma, ka leƙa bututun ta baya ka ga haske, ka mayar. CZ 457 ta ƙasar Cek da Tikka T1x ta Finland duk sun amsa sunansu. Idan ka samu mai saitin ƙarfe a kan bututu ka fifita ta, domin madubin hange da ake ɗorawa a kan bindiga yana iya fashewa ko ya goce da girgizar mota, ƙarfe kuwa yana nan. Mai kaɗan za ka shafa, ka goge har sai kamar babu. Wanda ke zaune a Jidda tsatsa ce abokiyar gabarsa saboda danshin teku, kai kuwa ƙura ce taka. Kada kuma ka bar harsasai a mota da bazara: kan harsashin .22 yana da kakin da ke narkewa ya kwashi yashi, yashin kuma ya bi ta cikin bututu.

Idan saktun ce ta zama rabonka, ba ka yi asara ba. Ka ɗauki mai sifirin wadda ake karyawa a ɗana, irin na Diana ko Weihrauch na Jamus. Masu tulun iska sun fi daɗin harbi, sai dai suna buƙatar famfo ko silinda mai matsin bar 200 ko fiye, ga robobin da ke tsufa su fara yoyo, ga zafin mota da ke ƙara matsin. Mai sifirin ba ta buƙatar komai sai damtsenka da gwangwanin dalma. Tsakanin mita 25 zuwa 35 tana kayar da kurciya. Abu biyu za ka kiyaye: kada ka harba ta ba dalma a ciki, yana lalata ta, kuma kada ka ɗora mata madubin da ba a yi shi don mai sifirin ba, domin girgizarta gaba da baya take yi, tana wargaza shi. Ka riƙe ta sako-sako, ka bar ta ta motsa yadda take so, a nan saitinta yake. Ka yi bismilla kafin harbi, wuƙa mai kaifi tana aljihu don wanda ka tarar da sauran rai.

Maganar kare garke. Abin da ya fi yi wa masu awaki ɓarna a wajejen nan karnukan da suka koma daji ne, sai kyarkeci jefi-jefi, ta ɓangaren duwatsu kuma gwaggon biri. Karnukan da kyarkecin galibi da dare ko da asuba suke zuwa, lokacin da kai kana Ɗa'ifa. Shingen waya mai tsayi wanda aka binne gindinsa a ƙasa, fitila mai aiki da hasken rana, karen garke, da makiyayin da ke kwana a wurin, su ne masu tsare dabba. Idan ɓarna ta yi yawa ka kai rahoto, kada ka ɗauki hukunci a hannunka ka wayi gari da tarar da ta fi kuɗin garken. Idan kuma mutane ne kake tsoro, lambar 911 tana aiki a duk yankin Makka, har da Turaba.

Saura tsira, kuma ƙanena, a nan nake so ka ba ni kunnenka sosai. Mutanen da ƙungiyoyin sa kai irin Injad suke fita nema a sahara ba yunwa ce take kashe su ba, ba kuma namun daji ba. Mota ce take kafewa a yashi ko ta mutu, waya ba sabis, mutum ya ga kamar titi yana kusa, ya bar motar ya kama tafiya da tsakar rana da gora ɗaya. Sau da yawa motar ake fara samu, shi kuma a same shi 'yan kilomitoci kaɗan daga wurin. Ɗan Adam yana iya yin makonni ba abinci, amma a zafin bazararmu kwana ɗaya ko biyu ba ruwa ya isa. Wanda ya fita neman abin harbi a wannan hali gumin da zai zubar ya fi naman da zai samu amfani, narkar da naman ma ruwan jiki yake ci. Wani bala'in da muka sani a ƙasar nan ruwa ne da kansa: ambaliyar Jidda ta Nuwamba 2009 ta ci rayuka fiye da ɗari, kwarin Turaba ma yana iya cikowa alhali ko ɗigo bai sauka a kanka ba.

Don haka kuɗin da ka ware wa .308 da madubinta, ka raba shi. Kaso mafi girma ya tafi ga wayar tauraron ɗan Adam, irin Thuraya da mutanen daji suka saba da ita, ka kuma riƙa duba cajinta da kuɗin cikinta. Ruwa aƙalla lita goma ga kowane mutum a kowace rana da bazara, da ƙarin na kwana biyu, a jarkoki daban-daban domin idan ɗaya ta fashe kada ka rasa duka. Shebur, famfon taya, ma'aunin iska, igiyar ja, da tampol na yin inuwa. Idan ka kafe, kada ka yi ta taka mai tana nutsewa. Ka sauko, ka rage iskar tayoyi zuwa wajen PSI 15 a ma'aunin iska, ka share yashin gabansu, ka fita a hankali. Idan ta ƙi, ka zauna a inuwarta har yamma. Madubin duba fuska yana walƙiya a gan shi daga nesa ƙwarai, tayar ajiya kuma idan ka sace iskarta ka cinna mata wuta nesa da mota, baƙin hayaƙinta ya fi ƙarar kowace kharraza isa wurin masu nema. Kafin ka bar gida kuma ka tura wa mutum ɗaya takamaiman wurin da za ka, da lokacin da idan bai ji ka ba zai kira a fita nemanka.

A gida, akwatin ƙarfe mai makulli, sakata a zare, harsasai a wani wuri daban, makullin kuma ba a inda Yasir zai iya kaiwa ba. Kafin ka fita da ita daji, ka yi rajista a filin koyon harbi mai izini, ka sa mai koyarwa ya tsaya a kanka har sai kana iya tara harbi biyar a faɗin tafin hannu daga mita 50, a tsaye da kuma a durƙushe.