Ga ɗan'uwanmu na Kusseri da aka ɗora wa waƙarsa iƙirarin ƙarya

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ƙanena na Kusseri, na ga tambayarka tun da hantsi, aiki ne ya hana ni zama sai yanzu. Ka ce waƙar da ka rubuta da kanka, ka rera da bakinka, ka tsallaka Njamena ka biya kuɗin situdiyo, ita ce wani kamfani da ba ka taɓa jin sunansa ba ya ce tasa ce a YouTube, sannan wani ya biyo ka ta WhatsApp wai ka tura sefa dubu hamsin a cire maka. Kana tambaya ko ka goge bidiyon ka huta, ko ka biya. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, don ni ma an shayar da ni wannan ruwan.

Kada ka goge, kada kuma ka tura ko dala ɗaya. Wannan shi ne na farko.

Ka shiga YouTube Studio, wato shafin da ake kula da tasha, ka duba da kyau me aka yi maka, don a hoton da ka turo ban iya tantancewa ba. In wayarka a Faransanci take kamar ta yawancinmu, ko dai ka ga an rubuta "revendication", ko ka ga "avertissement". Na farkon iƙirari ne kawai, na'urar Content ID ce ta ji sautinka ya yi daidai da wani da aka ajiye mata, kuma bai taɓa lafiyar tasharka ba, sai dai mai iƙirarin ya kwashe kuɗin tallan bidiyon ko ya toshe shi. Na biyun gargaɗi ne, shi ne mai dafi, in suka kai uku tashar ta tafi da duk abin da ke cikinta. Ko gargaɗin ne ma, goge bidiyo ba ya goge shi. Abin da za ka rasa kawai shi ne ranar da ka ɗora, wadda ita ce shaidarka.

Ni nawa ya same ni ne a kan kawuna, Allah ya jiƙansa. Kun san aikina ɗaukar bidiyon biki ne a nan Garwa. Kawuna makaɗin kalangu ne na mahauta, duk wanda ya tashi a Yelwa cikin tsofaffin 'yan pawa ya san hannunsa. Da jikinsa ya fara rauni na ce masa kawu, ka bar mana wani abu. Ya yi ta ja, daga baya ya yarda. A tsakar gidansa na ɗauka, bayan la'asar, yana zaune a kan buzu, kalangun a matse a hammata, hannun da yake riƙe makaɗi yana ɗan rawa amma da ya fara sai rawar ta tsaya. Ya wasa sarakunan pawa da suka shuɗe ɗaya bayan ɗaya, da kirarinsu, da sunan garuruwan da iyayensu suka fito. A tsakiyar waƙar ya yi tari, matarsa daga madafa ta ɗaga murya ta ce shayi na hucewa. Duk yana cikin faifan. Na ɗora a tashata da izininsa, ya gani da idonsa kafin ya rasu, ya ce in ƙara masa sauti ya ji.

Wanda ya yi mini aika-aikar ba baƙo ba ne. Yaro ne da mahaifiyarsa ta kawo mini shi da hannunta ta ce in koya masa sana'a. Ni na koya masa riƙon kyamara, ni na nuna masa yadda ake yanka bidiyo a kwamfuta. A kwano ɗaya muke cin abinci a shago. Da zazzaɓi ya kwantar da shi ni na ɗauke shi a babur zuwa asibiti, ni na sayi magani. Ranar da muka ɗauki kawu ma shi ne ya riƙe makirfo, kawu ya dafa kansa ya sa masa albarka. Wannan yaron ne bayan ya bar wurina ya koma Yawunde, ya ciri sautin, ya yanke muryar matar kawu, ya shimfiɗa wani kiɗan kwamfuta a ƙarƙashi, ya sa masa sabon suna, ya miƙa wa ɗaya daga cikin kamfanonin nan masu rarraba waƙa a intanet da sunan shi ne mai ita. Su kuma suka shigar da ita Content ID. Ban taɓa hana shi komai ba. Da ya zo ya ce Oga ina son in yi amfani da kiɗan kawu, wallahi da na kai shi wurin iyalin da kaina a yi magana. Amma ya zaɓi ya bi ta bayan gida. Har yau in na tuna yadda yake durƙusawa ya gaishe ni da safe sai in rasa me zan ce. Na kira shi, ya ce ai kiɗan gargajiya ba na kowa ba ne. Na ce to in ba na kowa ba ne, ya aka yi ya zama naka? Ya kashe waya. Na aika wa mahaifiyarsa, baiwar Allah ta zo har shago tana kuka tana ba ni haƙuri, ni kuma kunyarta ta sa na kasa faɗa mata rabin abin da ke raina.

Abin da ya kamata kowa a zauren nan ya gane shi ne, na'urar ba ta san wa ya riga wa ba. Tun 2007 da aka kafa ta aikinta ɗaya ne, ta kwatanta sautin da aka ɗora da wanda masu rajista suka ba ta. Wanda ya kai mata faifai shi take ɗauka mai abu, ko da kai ka riga shi ɗorawa da shekaru. YouTube kuma da bakinsu sun ce ba sa shiga tsakani su yanke wane ne mai mallaka. Idan ka ƙalubalanci iƙirarin, takardarka wurin mai iƙirarin take zuwa, shi zai duba. Kamar a ce kura aka ba ajiyar akuya, kuma ita za ka kai wa ƙara in ta ɓata.

Duk da haka ka ƙalubalanta, don hanyar kenan. Yana da kwana 30 ya amsa, in ya yi shiru iƙirarin ya faɗi da kansa, kuma da yawansu shirun suke yi don sun san ba su da gaskiya. In ya ƙi, sai ka ɗaukaka, a nan kwana 7 kawai gare shi. In bidiyon toshe shi aka yi, akwai damar ka tsallake matakin farko ka tafi ɗaukakawa kai tsaye. Amma ka sani, a wannan matakin in ya nace, abin da ya rage masa shi ne ya nemi a sauke bidiyon gaba ɗaya, kuma saukewar ita ke jawo gargaɗi. Wani lokaci sukan ba da wa'adin kwana 7 ka janye kafin ya hau kanka.

Ni nawa har can ya kai. Da dare saƙon ya shigo, ina shago ni kaɗai ina haɗa bidiyon wani biki. Na buɗe na ga an sauke bidiyon kawu, an rubuta mini gargaɗi, wai ni ne na ci haƙƙin wani. Ni. A kan muryar ƙanen mahaifiyata. Na danna mahaɗin, sai baƙin allo. Duk abin da mutane suka rubuta a ƙarƙashi ya ɓace daga gani, 'yan pawan Marwa da na Ngawundare da suka ji sunan kakanninsu, wani tsoho daga Mubi da jikansa ya rubuta masa cewa tare suka yi yawon kiɗa da kawu suna samari. Na kasa tashi daga kujera. Na kashe kwamfuta na sake kunnawa kamar hakan zai canza wani abu. Abin da ya fi ci mini rai, a wannan makon 'yar kawu da ke aure a Mundu ta kira ni ta ce Yaya na nemi Baba ban gan shi ba, ko rezo ne, wato sabis ɗin waya? Ita duk dare sai ta kunna wa 'ya'yanta. Na ce mata rezo ne, don bakina ya kasa furta cewa wanda ya ci tuwon gidansu ne ya sa aka cire. A lokacin kuma nasa faifan yana nan yana yawo, da hotonsa a jiki ya sa baƙin tabarau, tarin kawu na nan a ciki bai ma iya gogewa ba. Na yi kwanaki ba na cin abincin kirki, uwargida ta ɗauka wani ciwo ne nake ɓoye mata.

Abin da ya dawo da shi ita ce takardar martani ta shari'a, wadda a Faransanci suka sa wa "notification de contestation". Tushenta dokar Amurka ce ta 1998 da ake kira DMCA. Kana rantsuwa cewa kuskure ne ko ƙarya aka yi aka sauke maka, ka sa cikakken sunanka na gaskiya da adireshi da lambar waya, ka kuma amince da hurumin kotun Amurka. Duk wannan ana tura wa mai iƙirarin, ka san da haka tun yanzu, musamman ku mata da ke zauren nan, in da hali lauya ko wani wakili da kuka ba izini ya cike a madadinku. Daga nan yana da kwanakin aiki 10 ya nuna shaidar ya shigar da ƙara kotu, in bai nuna ba a mayar da bidiyon a ɗage gargaɗin. Ɓarawo ba ya zuwa kotu. Yaron bai ce uffan ba, bidiyon ya dawo. Amma wannan takarda ta mai gaskiya ce tsantsa, wanda ya san ya sa waƙar wani a bidiyon biki kada ya kusance ta, ya nemi mai abu ya janye, ko ya yi ɗan karatun haƙƙin mallakar da suke sa wa, gargaɗin ya faɗi bayan kwana 90.

Sai wata tambaya da nake so ka amsa tsakaninka da Allah: kiɗan da ke ƙarƙashin muryarka, mai situdiyon ne ya buga maka shi sabo, ko saukowa ya yi da shi daga intanet? Don yaranmu da yawa nan suke faɗawa. A sayar wa mutum goma kiɗa ɗaya, ɗaya daga cikinsu ya yi rajista, sauran tara su wayi gari da iƙirari. A ƙa'ida wanda ba shi kaɗai ke da abu ba bai kamata ya sa shi a Content ID ba, amma ana yi. Ka koma wurin mai situdiyon ya ba ka fayil ɗin aikin, murya daban kiɗa daban, ya rubuta maka takarda ya sa hannu. A wurin da ake rubuta dalili kada ka yi zagi, kada ka yi roƙo, kada ka ce ai ban samu kuɗi da ita ba, wannan ba hujja ba ce. Ka ce ni na rubuta, ni na rera, a wuri kaza rana kaza, ban ba kowa izinin rajista ba, ina da asalin fayil. Ka kuma nemi adireshin imel na kamfanin da sunansa ya fito ka rubuta musu kai tsaye da shaidunka, domin sau da yawa su ma ƙarya aka yi musu. In tasharka na karɓar kuɗin talla, ka yi sauri cikin kwana 5 na farko, a nan ne ake riƙe kuɗin tun daga ranar iƙirari har a warware.

Shi kuwa na WhatsApp, ka ɗauki hoton duk saƙonninsa ka ajiye, kada ka amsa masa. Mai yiwuwa ma ba shi da ikon cire komai, ya ga kukanka ne a wani wuri ya biyo. In ma shi ne, ka biya yau gobe ya dawo a kan wata waƙar. Wannan sana'a ba a kanmu aka fara ta ba. A 2019 YouTube da kansu suka maka wani mutumin jihar Nebraska a kotu saboda yana ɗora wa mutane gargaɗin ƙarya yana neman kuɗi. Wasu mutum biyu kuma a Arizona sun kwashe sama da dalar Amurka miliyan 20 da iƙirarin waƙoƙin da ba nasu ba kafin a kama su. A rahoton da YouTube suka fitar na rabin farkon 2021, waɗanda suka ƙalubalanci iƙirari ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, amma cikin waɗanda suka yi, sama da kashi 60 su suka yi nasara. Tsoronmu suke ci, ƙanena, ba wani abu ba.

Kuma ina roƙon 'yan zaure, duk mai tsoho a gida da ke da kiɗa ko waƙa ko wa'azi, in za ku ɗauka ku bar asalin faifan yadda yake, da kukan zakara da komai, ku ajiye a wuri biyu, ku sa tsohon ya faɗi sunansa da izininsa a gaban kyamara. Dokar Kamaru ta 19 ga Disamba 2000 ta ba mai fasaha haƙƙinsa tun daga lokacin da ya ƙirƙiri abu, ba sai ya yi rajista ba, amma ranar rigima shaida za a tambaye ka. Kuma ku kula da wanda kuke bar wa kwamfutar shago. Ni yanzu ko ɗan cikina ne ba ya fita da katin memori.

Ka sake turo hoton shafin gaba ɗaya, inda sunan mai iƙirarin da daƙiƙun da ya ce nasa ne suka fito, ka rufe imel ɗinka kafin ka turo. In ka ga dama ka same ni ta gefe bayan isha'i mu rubuta dalilin tare, da Faransanci ko Turanci, duk wanda ya fi maka. Allah ya fitar maka da haƙƙinka.