Tambaya da Amsa: Wanke Bango da Injin Feshin Ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙurar hunturu da jan tabon damina sun ɓata mini katanga. Wani mai wankin mota ya ce zai zo da injinsa ya wanke. Ta gaba bulo ce mai fenti, ta baya ginin ƙasa ne da shafen siminti. In bar shi?
Magidanci daga unguwar Zariya, Maradi

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ta gaba a wanke, ta baya kada injin ya kusance ta. Siminti bai cika kama ƙasa ba. Ruwa mai ƙarfi na samun ƴar tsaga zai shige baya, ƙasar ta jiƙe ta kumbura, shafen ya ɓantare. Tsintsiya da jiƙaƙƙen tsumma sun ishe ta.

Ta gaban ma sai da lura. Ƙaramin injin lantarki yakan ba da ƙarfin matsin ruwa bar 110 zuwa 150, ya sha ruwa lita 6 zuwa 8 a minti, kuma wannan ya isa. Abin dubawa shi ne launin bakin da ya ɗaura wa bindigar feshin. Ja yana harba ruwa tsinke ɗaya, yana iya zane siminti, yana yanka fatar mutum. Fari, mai buɗe ruwa digiri 40, shi ne na bango mai fenti.

Kafin ya fara, a toshe tsagogi su bushe, a rufe mitar wuta da wuraren jona wuta da leda. Ya gwada a lungu, da tazarar santimita 30 zuwa 50. In fenti ya biyo ruwan, ya tsaya, buroshi mai laushi ya fi. Sabulu daga ƙasa ake shafo shi zuwa sama don kada ya bar zirin tabo, ɗauraya kuma daga sama. A yi da sassafe, domin zafin ranar Maradi yana busar da sabulu a jikin bango kafin a ɗauraye. Kada ya hau tsani da bindigar, tana tura mutum baya.

In daga duro zai ja ruwa, a tace shi. Yashi yana cinye robobin famfon injin, kunna shi babu ruwa kuwa yana ƙona shi.

Tambaya: Pave ɗin tsakar gidana, wato tubalan da aka shimfiɗa a ƙasa, ya yi gansakuka a wajen magudana, har yara na zamewa. Injin zai fitar da ita?
Uwargida daga unguwar Ali Ɗan Sofo, Maradi

Amsa: Zai fitar, Hajiya, amma za ta dawo in ba a kashe ta ba. Ki haɗa ruwan jabel (bilic) kofi 1 da ruwa kofi 10, a zuba da bokiti, kada a bi da shi ta cikin injin. Bayan minti 10 a wanke da koren bakin bindigar, a karkace. Kada a gauraya jabel da asid, hayaƙinsu guba ne. Feshin zai kwashe yashin da ke tsakanin tubalan, don haka in wurin ya bushe a share sabon yashi a cike ramukan, in ba haka ba paven zai fara girgiɗi.