Ƙungiyarmu ta marayu: me ya sa ba ma samun tallafi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da ƙungiyar mata a Funtuwa mai kula da karatun marayu. Mun sha neman tallafi, ko amsa ba ma samu. Ina matsalar take?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Yawanci tun wajen tantance takardu ake ajiye buƙatar. Rajistar ƙaramar hukuma ba ta wadatar da manyan masu bayarwa. Ku yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa, a matsayin ƙungiya mai amintattu. Ana buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai ƙalubalanta. Daga nan ku karɓi lambar haraji da takardar SCUML, sashen hana halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, sannan ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya. Asusun shugaba, komai amanarta, ba ya karɓuwa.

Sai kasafi, inda aka fi yin tuntuɓe. "Taimakon marayu" ba aiki ba ne da za a iya aunawa. Ku rubuta yara nawa, a wace makaranta, kuɗin littafi da yunifom na kowane ɗaya, na wata nawa, da hanyar da za a tabbatar an yi.

Ku kuma san wanda kuke roƙo. Gidauniyar TY Danjuma ta fi karkata ga lafiya da ilimi. Shirin ofishin jakadancin Japan na ƙananan ayyuka ya fi son abin da ido ke gani, kamar ajujuwa da rijiyar burtsatse, ba ya biyan albashi.

Duk wanda ya ce ku biya kuɗin fom kafin a ba ku tallafi, ɗan damfara ne.